Motar Kawu da Kantin Auta

Abu ɗaya na roƙi Kawu, ɗaya tak: kada ya faɗa wa kowa za mu tsibiri. Na faɗa masa a tarho, na maimaita, sai da na sa ya ce "na ji" da bakinsa. Juma'ar da ta biyo baya, ana sallame salla a masallacin unguwarsu a Stains, gefen Paris, ya miƙe tsaye ya roƙi jama'a su sa shi a addu'a, wai zai hau teku da motarsa.

Da labari ya iso ni na kira shi ina faɗa, ko a jikinsa. Cewa ya yi, "To ɗiyata, mutum ya hau ruwa babu addu'a?"

Kawu ƙanen innarmu ne. Shi ya fara zuwa Faransa a danginmu, shi ya tarbe ni a filin jirgi lokacin da na taho daga Damagaram zuwa gidan mijina, don haka ba mutumin da zan ɗaga wa murya ba ne, ko da yake na sha yi. Ya yi shekaru yana tuƙa motar kai kaya kantuna a Paris. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota irin mai ɗaki a ciki, wadda Faransawa ke kira kamfinkar, suna yawon hutu da ita. Akwai gado, akwai murhu, akwai ɗan firigo, har da makewayi. Ya ce da ita zai tuƙa har gida. Motar nan ba ta taɓa wuce kasuwar unguwa ba. Ta zauna a fakin, wurin ajiye motoci, ta zama majalisar shan shayi ta tsofaffi, matarsa kuma ta mai da ƙarƙashin gadon wurin ajiye albasa.

Auta kuwa ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Ta bi mijinta tsibirin Corse inda ya samu aikin gini, suka buɗe ɗan kanti a wani ƙaramin gari na bakin teku. Da Allah ya yi masa rasuwa na ce ta tattaro ɗiyarta ta dawo kusa da ni a Saint-Fons, gefen Lyon. Ta ƙi. Ta ce kantin nan shi ne abin da suka gina tare, ita da hannunta ta shafa wa ƙofar shuɗin fenti, ba za ta bar shi ba. Auta ba ta da hayaniya irin tawa, amma in ta kafe sai dai ka gaji ka bar ta.

Kantin yana da masu saye iri biyu. Lokacin zafi masu kamfinkar ne, suna tsayawa su sayi burodi da ruwan kwalba da ƙanƙara da 'ya'yan itace. Sauran shekara kuma mutanenmu ne, 'yan Nijar da Chadi da Kamaru masu aikin gini da gona da wanke-wanke a otal. Ba su da yawa, amma duk yankin babu inda za su samu kuka ko daddawa ko gero sai wurinta, kuma watan azumi shi ne babban cinikinta.

Wata rana na tashi aiki, ina cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ta kira ni. Aikina a kicin ɗin wata lakwal ne, wato makarantar yara, in na fito ƙafafuna ba sa son tsayuwa, amma muryarta ta sa na miƙe daga kujera ban sani ba.

"Yaya, masu motocin nan ba sa zuwa kamar da. Kuɗin jirgin ruwa ya yi musu yawa. Waɗanda suka daure suka zo kuma, sun riga sun cika motar tun daga can ɓangarenku, don su fanshe abin da jirgi ya ci. Sai su tsaya ƙofar kantina su tambayi hanya, su zuba shara a kwandona, su wuce."

Na ce to ai akwai mutanenmu.

"Su kuma cewa suke na cika tsada. Yaya, kayana ma a jirgin nan suke hayewa. Duk abin da jirgi ya ƙara, a kan buhu yake sauka. Tsohuwar da ke sai da cuku kusa da ni ta rufe tun bara." Sai ta ƙara da cewa, "In azumin bana bai fid da ni ba, zan mai wa mai gida makullinsa."

A nan dabara ta zo mini, kuma har gobe ina cewa dabara ce mai kyau. Azumi ya faɗo kafin lokacin 'yan hutu, jirgi bai yi tsada ba tukuna in an yanki tikiti da wuri. Ga motar Kawu zaune tana ruɓewa. In muka cika ta da kayan azumi daga wurin masu sari a unguwar La Guillotière ta Lyon muka haye da ita, Auta za ta samu kaya da sauƙi, ta sayar da sauƙi, bakin masu cewa ta cika tsada ya mutu. Su kamfanin jirgi ba ruwansu da buhu nawa ne a cikin motarka. Tsawonta da tsayinta suke kallo. Akwai iyaka, in ka wuce ta ko da ɗan yatsa ne ka faɗa wani aji, kuɗin ya yi tsalle. Maigidana ya duba takardun motar ya ce muna ƙasa da iyakar da kamar tafin hannu. Na yanki tikiti a kan haka. Shi ya sa na ce wa Kawu ya kama bakinsa.

Don na san mutanenmu da saƙo. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san in an ji za ka yi tafiya, jakarka ta daina zama taka. Za a zo maka da ƙullin kaya a ce ɗan abu ne kaɗan, ka miƙa wa wane. Ba a cewa a'a. Ba a tambayar mene ne a ciki, wannan cin fuska ne. Ba a ba ka ko sisi na ɗauka, sai "Allah ya kai ku lafiya". Ni ma na aika, ni ma an kawo mini, ban ce al'adar banza ba ce. Amma a gida mota ce mai buɗaɗɗen baya, a ɗora a ɗaure. Nan kuwa akwai mutum a bakin jirgi da sandar awo a hannunsa.

Na hau jirgin ƙasa da safe na je Paris don mu taho da motar tare. Tun daga nesa, kafin in shiga fakin ɗin, na hango taro. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe motar Kawu ce aka kewaye. Wallahi ashe kowa a Stains yana da ɗan'uwa a tsibirin nan, ni ce kawai ban sani ba. Wanda ba shi da ɗa yana da ɗan maƙwabci, wanda ba shi da ɗan maƙwabci yana da wani da suka yi lakwal tare a Maraɗi. Buhunan leda masu ratsi an naɗe su da salatif kamar masu karaya. Kwalaye. Bokitin fenti an ɗaure murfinsa da tsumma. Wani dattijo har da keke ya turo.

Kawu yana tsaye a bakin ƙofar motar cikin babbar riga, fuska sai ƙyalli take, yana karɓa yana cewa, "Babu komai, akwai wuri, akwai wuri."

Na ja shi gefe. "Kawu, wane wuri? Kayan Auta fa? A kanmu za mu ɗora su?"

"Haba ɗiyata, mota ce babba. Ki gai da mutane mana, suna kallonki."

Haka na juya na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi, bakina na murmushi cikina na tafasa. Kowa ya amsa sai ya ƙara da kwatancen mai saƙonsa: dogo ne, yana da tsage, yana aiki a otal ɗin da ke kusa da gidan mai. Kafin azahar gado ya ɓace, tebur ya ɓace, makewayin ma an cika shi har rufi. Keken nan a kan gadon aka kwantar da shi, aka lulluɓe shi da bargon Kawu don kada ya ƙuje.

Hanyar Lyon da mutane ke yi su isa da rana a sama, mu sai da ta cinye mana yini. Motar tana nishi, manyan motoci na wuce mu suna danna mana oda, Kawu na riƙe da sitiyari da hannu biyu yana salati. Ni kuma ina zaune da kwalin wani a kan cinyata. Da rana ta bugi rufin motar sai wari ya fara tasowa daga baya. Na san warin nan, da shi aka raine ni. Daddawa ce. Can kuma sai ƙanshin yaji da busasshen kifi. Na ce wa kaina wataƙila ƙulli ɗaya ne ko biyu. Tarhon Kawu kuwa bai huta ba. Mutanen Lyon sun riga sun ji, suna tambayar ƙarfe nawa za mu tsaya a La Guillotière.

Washegari da safe muka shiga La Guillotière ɗaukar kayan Auta. Wanda ya san unguwar ya san ba wurin shiga da mota mai girman ɗaki ba ne. Kawu ya tsaya rabi a kan titi rabi a kan hanyar masu tafiya, direban tiram na ta buga ƙararrawa, wani mai sai da nama ya fito yana mana masifa da Larabci. Alhajin da na yi sarin a wurinsa, mutumin Maraɗi ne, ya riga ya fito da kayan bakin ƙofa: shinkafa, gero, mai, dabino, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, tsamiya, citta. Gefen kayan kuma ga wani layin mutane da nasu ƙulle-ƙullen.

A gaban layin akwai wata Hajiya mai sai da turaren wuta, 'yar Garwa ce ta Kamaru. Dole in faɗi wace ce ita a wurina. Lokacin da na haifi ɗana na fari a ƙasar nan, babu uwa babu yaya kusa, ita ce ta riƙa hawo bene safe da yamma tana dafa mini ruwan wanka, tana dama mini kunun kanwa, har na yi arba'in. Ba ta haɗa komai da ni ba sai yare. Ɗanta yana wanke kwanuka a wani otal a tsibirin.

Ta rungume ni, ta nuna mini buhuna biyu manya. Ta ce, "Ɗiyata, Allah ne ya kawo ku. Na sa masa kayan azumi kaf, tun daga gero har tsamiya, kada ya je ya saya can. An ce mai kantin can wuƙa take sa wa mutane."

Wata mata a bayanta ta ce, "Ai mu ma haka muka yi. Nan wurin Alhaji muka saya jiya."

Na juya na kalli Alhaji. Ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Wato mutumin nan ya sayar mini da kayan kantin Auta, sa'an nan ya sayar wa iyayen masu sayen Auta da irin kayan, ya san mota ɗaya za su shiga, bai ce uffan ba.

Na ce, "Hajiya, mai kantin can Auta ce. Ƙanwata."

Ta kama baki. "Ayya! Auta ce? Allah sarki, yarinyar kirki. To ai shi ke nan, tunda ta gida ce, a ajiye a kantinta ya zo ya ɗauka. Kin ga an huta neman adireshi."

Innalillahi. Magana ta zo mini har wuya, mai zafi, na haɗiye ta. Matar da ta wanke ni da hannunta zan ce wa ta ɗauke buhunta? Na ce Allah ya kai mu lafiya. Ta ce amin, ta cusa mini ɗan ƙullin turare a jaka.

A fakin ɗin gidanmu a Saint-Fons aka yi lodin ƙarshe. Ciki ya riga ya cika da kayan mutane, don haka na Auta aka hau da su rufin mota, aka ja tamfol aka ɗaure. Maigidana ya dawo daga masana'anta bai ko cire takalmin aiki ba. Ya zagaya motar, ya shiga gida ya ɗauko abin awo, ya hau kujera ya gwada. Shi mutum ne da ba ya ɓata magana. Ya sauko ya ce, "Kun wuce."

Kawu ya ce, "Da yawa?"

"Da yawa."

"To ba sai a roƙe su ba? Su ma mutane ne."

Na ce, "Kawu, wa za ka roƙa? Sanda?"

Na kira kamfanin jirgin. Wata mata mai sanyin murya ta ce ba damuwa, za a iya canza mana aji, ta faɗi abin da za a ƙara tunda tafiya ta matso. Na sa ta maimaita don na ɗauka kunnena ne. In muka biya wannan, duk sauƙin da muka yi wahalar nema ya tafi, gara ma Auta ta yi odar kayanta yadda ta saba. Na ce Madam, buhunan hatsi ne fa, ba bene muka gina a kan motar ba. Ta ce dezole, wato in yi haƙuri, tsayi tsayi ne. A kan wannan kam ba ta yi ƙarya ba.

Na ajiye tarho na ce abu mai sauƙi ne. A sauke saƙon mutane, a kira kowa ya zo ya ɗauki nasa, a shigar da na Auta ciki. Don ita aka yi tafiyar, ni na yanki tikitin.

Kawu ya kalle ni kamar na ce a yi sata. "Amana ce fa. Na karɓa da hannuna, na ce zan kai. In koma Stains in ce musu me? In shiga masallaci da wace fuska?"

"Auta fa? Ita ba amana ba ce? Ɗiyar yayarka ce!"

"Shi ya sa. Auta tamu ce, za ta gane. In za a tauye, namu za a tauye, ba na mutane ba."

Kai, ranar na yi faɗa. Na faɗa masa motar nan da ma ta ci gaba da zama rumbun albasa. Na faɗa masa an ce ya yi shiru ya je ya yi shela. Maƙwabta suka fara leƙowa ta taga, maigidana ya ce in rage murya, na ce shi ma ya fita a idona. Kawu ya zauna a matakalar motar yana jan carbi, irin zaman wanda ya riga ya gama magana.

Sai na kira Auta, don na tabbata za ta goya mini baya. Na zayyana mata komai, har abin da ke cikin ƙulle-ƙullen, har maganar Hajiya, ban rage ba. Ina jin ƙarar firigon kantin a bayanta.

Ta ce, "Yaya, ku kawo musu."

"Kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. In aka mai da saƙon uwar mutum saboda ni, kina ganin zai ƙara taka kantina? Gobe duk tsibirin nan za a ce Auta ta hana a kawo wa mutane abinci don ta sayar da nata. Ku sauke nawa. Abin da ya samu wuri ku taho da shi."

Haka aka kwance tamfol. Maigidana da Kawu suka riƙa hawa da buhunan Auta bene, aka jera su a lungun ɗakin yara, shinkafa da gero da jarkokin mai da babban buhun kuka. Abin da ya samu shiga motar bai taka kara ya karya ba, dabino ne da 'yan ƙananan kaya da muka cusa ƙarƙashin kujeru. Keken dattijo yana nan kwance a gadonsa.

A bakin jirgi muka shiga layin masu kamfinkar. Mai sandar awo ya zo ya kara ta a jikin motar, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Kawu ya juyo yana murmushi ya ce, "Kin gani? Albarkar amana." A layin da ke gefenmu akwai wasu tsofaffin Turawa, mata da miji. Matar ta buɗe ƙofar motarsu tana neman wani abu, na hango ciki: taliya, gwangwanaye, ruwan kwalba jere har sama. Ta ga ina kallo ta yi mini murmushi, ta ce su kullum da komai nasu suke zuwa, tsibirin akwai tsada, ga kuɗin jirgi. Ta leƙa tamu motar ta ce, a'a, ashe ku kun fi mu wayo.

Da hantsi muka isa garin su Auta. Na gane kantin tun daga nesa da shuɗiyar ƙofar. Kusa da shi ga na mai cuku, an ja ƙarfe an rufe, rana ta kodar da takardar da aka manna. Wani tsoho ɗan garin yana zaune a benci, ya bi motarmu da kallo har muka tsaya, ya girgiza kai ya juya mana ƙeya. Ban ga laifinsa ba. Mota ce irin wadda ya saba gani, ta zo da cikinta a cike.

Auta ta rame. Ta rungume ni ta durƙusa ta gai da Kawu, ta kawo mana ruwa. Ta share kantin tas, ta jera 'yan kayan da take da su a gaba-gaba don kada a ga ramukan da ke baya.

Bayan la'asar, da aka tashi aiki, suka fara zuwa. Ban taɓa ganin mutanenmu da yawa haka a wuri ɗaya a bakin teku ba. Ƙofar kantin ta cika maƙil, wanda ya wuce zai rantse ciniki ake. Kawu ya tsaya a ƙofar mota yana kiran kwatance, dogo mai tsage, mai aiki kusa da gidan mai, kowa ya karɓi nasa ya rungume. Wani ya kwance bakin buhu ya shinshina, sai ga hawaye. Wannan ya ƙara ba ni haushi, don ko haushin nasu ba a bar ni in ji yadda nake so ba. Suna shiga su gai da Auta, "Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka," su sha ruwan sanyin da ta ajiye, su fita. Ɗan Hajiya mai turare buhunsa ya yage, ya shigo ya ce ko za a taimaka masa da leda. Auta ta ciro manya guda biyu ta ba shi, ta riƙe masa baki yana juye gero a ciki, a kan teburin da take awo. Mutum ɗaya ne kunya ta kama, ya sayi ashana.

Da suka watse Kawu ya shigo yana share gumi. Ya tsaya tsakiyar kantin ya dubi kantocin, ya dubi Auta tana tattara kofuna. Ina jin a lokacin ne lissafin ya shige shi, don murmushin ya tafi. Amma ranar da za mu juyo ya shiga kantin ya riƙa ɗibar sukari da tumatirin gwangwani da sabulu yana tarawa, wai tsaraba zai kai Stains. Auta ta ce, "Kawu, ai can ya fi sauƙi." Ya ce ita dai ta auna. Ya juye duk abin da ke aljihunsa a kan tebur. Haka muka hayo teku da sukarin da ya riga ya haye sau ɗaya.

Azumi ya zo ya wuce, kowa a tsibirin ya sha kunun uwarsa. Bayan salla Auta ta jira lokacin zafi ko masu motoci za su fid da ita. Ba su fid da ita ba. Da aka kusa komawa lakwal ta mai da makulli, ta taho da ɗiyarta da akwatuna. A ɗakin yara na sauke su, gefen buhunanta. Shinkafar nan ita muka ci har sanyi ya shigo, kuma duk ranar da na ɗebo sai na yi tsaki.

Ba ta daɗe da zuwa ba mata suka fara zuwa yi mata sannu da zuwa. Wata Lahadi sai ga Hajiya mai turare ta hawo bene tana haki. Aka gaisa, aka yi addu'a ga mamaci, aka sha shayi. Sa'an nan ta juya wurin Auta.

"Ke kuwa ɗiyata, me ya sa kika rufe? Kin bar mana yara cikin wahala. Jiya yaron nan ya kira ni, wai wata guda bai sha miyar kuka ba, duk yankin babu inda zai saya."

Na ajiye kofina. Wallahi a wannan karon na yi niyyar in manta da ruwan wanka da kunun kanwa, in faɗa mata tun daga Stains har bakin teku. Na buɗe baki ke nan Auta ta dafa gwiwata, ta danna.

Ta tashi ta shiga ɗakin yara. Muna jin ta tana kwance bakin buhu. Ta fito da leda cike da kuka, ta ƙulle ta da kyau yadda take yi wa masu saye, ta durƙusa ta ajiye gaban Hajiya.

Ta ce, "Hajiya, in an samu mai tafiya, a sa masa a saƙo."

Hajiya ta yi ta sa albarka. Ni na kwashe kofuna na shige kicin, na buɗe famfo da ƙarfi don kada a ji ni.